Hukuncin Shan Man Tsaftace Hannu Mai Sinadarin Barasa

Tambaya: Malam, ƙanena ya ce kurɓar man tsaftace hannu, wato sanitaiza, ba laifi ba ne, tunda magani ne ba giya ba. Sannan ina da yaro ɗan shekara uku mai yawan ɗaukar kwalbar. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ke 'yar'uwa, shafa wannan mai a hannu halal ne. Ko da yake mafi yawan malamai, har da Malikiyya, suna ganin giya najasa ce, Rabi'a malamin Imam Malik da Laisu bin Sa'ad sun tafi a kan cewa ba najasa ba ce, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, da ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da barasa wajen kashe ƙwayoyin cuta a bayan fata.

Amma shansa da gangan haramun ne, kuma sauya wa abu suna ba ya sauya hukuncinsa. Galibin wannan mai yana ɗauke da barasa kashi 60 zuwa sama cikin ɗari, alhali giyar kwalba irin ta biya galibi kusan kashi 5 take ɗauke da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa giya ne don magani, sai Annabi (SAW) ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Ko da babu maye, cutarwar kaɗai ta isa hujja, domin Allah ya hana jefa kai cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Wasu nau'o'in ana gurɓata su da metanol, wani nau'in barasa wanda hanta ke mayar da shi guba mai lalata jijiyar gani, kuma alamun sukan jinkirta na sa'o'i har mai shan ya zaci ya tsira. A 2020, mutane 15 a jihohin Arizona da New Mexico na Amurka sun kwanta asibiti bayan sun sha irinsa, huɗu suka mutu, wasu suka samu matsalar gani. A shekarar kuma ɗaruruwa sun mutu a Iran bayan sun sha barasa mai metanol saboda jita-jitar cewa barasa na maganin korona.

Yaro kuwa babu zunubi a kansa, amma nauyin kiyaye shi yana wuyanki, domin 'yan makurwa kaɗan suna iya saukar da sukarin jininsa, su sa shi suma ko numfashinsa ya raunana. Ki ajiye kwalbar inda hannunsa ba zai kai ba, musamman mai ƙanshin kayan marmari. Idan ya sha man, kada a tilasta masa amai, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Wallahu a'alam.