Sun rubuta lambar katin zaɓena, za su iya dangwalawa da sunana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasu samarin jam'iyya sun zagayo layinmu a Rigasa suna rubuta lambar katin zaɓe, wai za a raba tallafi, na kuwa ba su tawa. Yanzu sun ce mu kawo katin kansa su adana mana. Ana ta cewa za su yi zaɓe da sunanmu, kuma za su san wanda muka zaɓa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Batun lamba kam, kwantar da hankalinki. Sai na'urar BVAS ta tantance yatsanki ko fuskarki kafin a miƙo miki takardar ƙuri'a, kuma ba ta ganin inda kika dangwala. Takardar ma ba sunanki a jikinta. In kuwa ƙuri'un wata rumfa suka zarce yawan waɗanda aka tantance, soke sakamakon rumfar ake yi.

Katin ne abin ji. Wannan jita-jita ta "za su yi zaɓe da shi" ta ishe ni, domin tana rufe ainihin dabarar. Wasu har cewa suke tunda na'ura za ta kama mai maguɗi, bari su karɓi 'yan kuɗin su miƙa katin, ai an ci banza. Haba jama'a! Mai sayen kati ba ƙuri'a yake nema ba, so yake ki kwana gida ranar zaɓe. Ba kati, ba tantancewa, ko da sunanki na cikin rajista. Shi ya sa ake yin wannan kwasar a unguwannin da abokin hamayya ke da ƙarfi. Kuma kada ki raina guda ɗaya: a zaɓen gwamnan jihar Kaduna na 2023 Uba Sani ya samu 730,002, Isa Ashiru 719,196, tazarar 10,806 ke nan a jihar da ke da rumfuna sama da 8,000. Kati biyu daga kowace rumfa sun haura wannan tazarar.

Dokar Zaɓe ta 2022 ma ba ta ware mai sayarwa ba, shi da mai saye duka ta tanadar musu tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka biyun.

Kada ki ba su. Wadda ta riga ta bayar ta je ta karɓo abinta, in sun hana ta kai ƙorafi ofishin INEC na ƙaramar hukumarku, wato Igabi, tun zaɓe bai ƙarato ba.