Amsa ga ƙanwar da SAP ya tsayar wa kuɗin makaranta

Salam. Ƙanwata da kika ce kin faɗi kos biyu a D1 (shekarar farko ta karatun likitan haƙori a Amurka) an turo miki imel wai ba ki cika SAP ba, wato sharaɗin cigaban karatu da ake bi kafin a ci gaba da ba ɗalibi kuɗin karatu, za a tsayar da bashin karatunki, wlh ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don ni ma irin imel ɗin nan ya taɓa samuna.

Ni a D2 ne ya same ni, wato shekara ta biyu. Babanmu ya rasu a Kano muna tsakiyar semesta, lokacin nan da ake kwana a lab ana feƙe haƙoran roba. Na je ofishin kuɗin karatu idona jawur na tambayi wata mata ko in na janye kos biyu akwai matsala, ta ce ba komai ki tafi kawai. Ko fayil ɗina ba ta buɗe ba, salak ɗinta take ci a gaban kwamfuta. Ba ta ce min W ɗin nan, alamar da ake sa wa kos ɗin da aka janye, ana lissafa shi cikin abin da kika ɗauka ba ki gama ba, mu kuma a makarantarmu dole ki gama kashi 67 cikin 100 na abin da kika yi rajista, GPA kada ya gaza 2.0. Ƙarshen shekara sai ga imel. A mota na karanta shi, na fi awa ɗaya a fakin ban tada mota ba, kuɗin haya ya kusa, ga Hajiya ba ta daɗe da fita takaba ba me zan kira in ce mata. Da na koma wurin matar nan sai cewa ta yi ai yana rubuce a littafin ɗalibai. Haka kawai! Na bar ta da Allah.

Ki sake karanta imel ɗin a natse ki ga ko gargaɗi ne ko dakatarwa. Makarantar da ke dubawa duk semesta tana iya ba ki semesta ɗaya na gargaɗi kuɗi na ci gaba da shiga, mai dubawa sau ɗaya a shekara irin tamu ba ruwanta da gargaɗi, sai afil, wato ɗaukaka ƙara. Kuma don kwamitin malamai sun yarda ki maimaita ba shi ne an sako kuɗi ba, hanyarsu daban.

A afil kada ki tsaya ban tausayi, ki faɗi abin da ya faru da abin da ya canza yanzu, ki haɗa da takarda. Ni yayana ne ya karɓo min shaidar rasuwa a hukumar ƙidaya, na haɗa da tikitin jirgi, suka sako min kuɗin a matsayin gwaji, tare da tsarin karatu da na sa wa hannu.

Don Allah kada zuciya ta ɗebe ki ki ajiye semesta gaba ɗaya, in ba a kai kashi 60 cikin 100 na semestar ba makaranta za ta mayar da wani ɓangare na kuɗin ta biyo ki bashi. Ga maganar soke Grad PLUS, bashin gwamnatin tarayya na masu karatun gaba da digiri, ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026, ki tambaya a rubuce ko hutu zai taɓa naki. Komai a rubuce, na daina yarda da maganar baka.

Ki nemi 'yan D3 su zauna da ke, kuma ki riƙa cin abinci, ni a lokacin shayi da biredi kaɗai nake iya haɗiyewa. Wane kos ne ma, anatomi? Ki min magana in turo miki yadda na tsara wasiƙata.