Amsa ga ɗiyata kan bikin 1 ga Oktoba

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kin ce an ɗora miki shirya 'yan ajinki maci na ranar 'yancin kai, kina tambayar asalinta da abin kiyayewa.

A Legas aka yi abin, a filin sukuwa wanda yau ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Da tsakar daren wayewar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga kore-fari-kore, zanen wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi. Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniya, ta miƙa wa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulki. A rana irin wannan ta 1963 muka zama jamhuriya.

Amma ke Basakkwaciya ce, kada ki tsaya nan. Gaya wa yaranki cewa ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi. Shi ya sa Sardauna ya zaɓi 15 ga Maris 1959 don Arewa ta karɓi mulkin kanta, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku na kan gado. Yana ci mini rai ƙwarai yadda yaranmu ba su san wannan ba.

Bikin kuwa na hukuma ne, ba Idi, ba yanka. Ana addu'a a masallatan Juma'a da coci-coci, shugaban ƙasa ya yi jawabi da sassafe, sai fareti: soja, 'yan sanda, sannan makarantu.

Ki fara horo da mako biyu, da sanyin safiya. Jera su uku-uku, tsawo ɗaya a sahu ɗaya, ƙafar hagu ta fara sauka da bugun ganga. Yawancin ɓaci daga nan yake: yara na kallon ƙafafunsu maimakon sauraren ganga, sahu ya karkace daidai gaban manyan baƙi. Kowa ya karya kumallo, ki tafi da ruwa isasshe, don ranar ƙarshen damina na da zafi, yaro mai yunwa faɗuwa yake yi. Sabon takalmi ma a bar shi gida, yana tayar da bororo.

Tuta kada ta taɓa ƙasa, kada a ɗauki yagaggiya ko koɗaɗɗiya. Ki tuna kuma tun 2024 aka dawo da taken ƙasa na 1960, shi za ki koya musu.

Ki gai da mutan gida.