Kazar da ta je kasuwa ba ta komawa akurki

Yarona, ka tambaye ni ko za ka iya sayo kaji a kasuwa ka ƙara wa mahaifiyarka a kan nata na gida. Zancen dusa da ruwa da sharar akurki ba zan ɓata bakina a kai ba, domin ko yaron goye a Rigasa ya san wannan.

Wata shekara, ana saura kwanaki Kirsimeti, hunturu ya kankama, wani dillali da na daɗe ina hulɗa da shi ya ɗauki zakaru arba'in a hannuna bashi, ya kai su kasuwa suka kwana cikin kwando ɗaya da kajin ƙauyuka. Da ciniki ya ƙi, sai ya dako lokacin da na fita, ya zo ya sake ragowar a tsakar gidana, ya ce wa yara wai ni na aiko shi. A tsakar gidan nan kajin uwargidana suke kiwo, waɗanda da kuɗinsu take zubin adashi, da ƙwansu take karya wa yara kumallo, kuma ranar da aljihuna ya bushe su ne cefanen gidan. Kafin mako ya zagayo sai ga koren zawo, ga numfashi da ƙyar, wuya yana murɗewa, kullum da asuba tana tsintar gawa tana hawaye. Cutar Niyukasil ce, wadda ba ta da magani idan ta shiga. Mutumin nan ya rantse bai san zancen ba, kuma har yau bai biya ni ko sisi ba.

Ku yaran yanzu kun fi yarda da bidiyon waya a kan wanda ya ga murar tsuntsaye ta ɓulla a Jaji a 2006 da idonsa, kuna raina kajin mata kuna cewa ba sana'a ba ce, alhali da su aka biya wa da yawanku kuɗin makaranta.

In dai dole sai ka sayo, ka ware su nesa da nata har mako biyu, ka sa a ɗiga wa duka rigakafin cutar Niyukasil, wato wanda ake kira Lasota ko wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, kafin sanyi ya shigo, sannan ka tambaye ta irin da take so tun kafin ka fita, domin kajin nata ne.