Ku Tambayi Mai Gyara: Sitiyarin gem ɗina yana jan mota hagu shi kaɗai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah taimako nake nema, inada sitiyarin gem na kwamfuta wanda yayana ya sayo min na hannu, irin mai juyin digiri 270 ɗin nan ne mai totur da birki a ƙasa, nafi yin Euro Truck Simulator 2 dashi da Assetto Corsa. Toh tun da hunturu ya shigo sai ya fara min wani abu, ina kan miƙaƙƙiyar hanya ban taɓa komai ba sai motar ta riƙa fizgewa hagu, wani lokacin kuma in na ɗan juya kaɗan sai tayi tsalle kamar na murɗe shi gaba ɗaya. Wani abokina yace bolum ɗin ciki ne ya mutu in fesa mai WD-40, wani kuma yace in haƙura in sayi sabo, ni kuma wlh banida kuɗin sabo yanzu. Ya zanyi? Daga ƙaninka, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Karka sayi sabo, kuma dan Allah ajiye gwangwanin nan tukuna. Abokinka na farko ya kusa gaskiya akan ciwon amma maganin da ya baka zai ƙara ɓata abun, domin WD-40 ɗin da aka saba gani a shagunan kayan mota maiƙo yake bari, maiƙo kuma a watan hunturun Kaduna kasan me ke biyo baya, ƙura ce zata manne ta zama kamar laka a ciki.

Abun da masu gyaran rediyo ke kira bolum sunansa fotenshiyomita. Ƙafa uku gareshi. A cikinsa akwai wani siririn layin kabon mai lanƙwasa kamar kofaton doki, ƙafafun gefe biyu suna haɗe da bakin layin nan da can, ta tsakiya kuma tana haɗe da ɗan harshen ƙarfe dake gogar layin duk sanda ka juya sitiyari. Allon sitiyarin yana tura wuta kaɗan, bolt 5 ko 3.3, ta ƙafafun gefe, sai ya riƙa karanta nawa ke fitowa ta tsakiya, in rabi ne yasan sitiyari na tsakiya, in ya ƙaru ko ya ragu yasan ka karkata. Shikenan aikinsa. Yanzu kayi tunani, a ina sitiyari yafi daɗewa? A tsakiya, musamman kai mai tuƙa tirela a gem awa biyu kana ɗan gyara hannu dama da hagu, kaga wurin nan ɗaya harshen ke ta gurza har kabon ɗin ya cinye ko garinsa ya taru da ƙura. Da harshen ya hau dattin sai karatun wuta yayi tsalle, gem kuma bai san datti ba, a wurinsa kai ne ka murɗe.

Amma kafin ka kwance ko sukuru ɗaya inaso ka tabbatar. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, zaɓi sitiyarin ka shiga shafin gwaji. Saki hannunka ka zuba ido. In alamar tana rawa ita kaɗai, ko kana juyawa a hankali tana tafiya sumul sai ta fizge a wuri ɗaya ko yaushe, toh bolum ne. In kuwa a nan lafiya lau take sai cikin gem kawai, saitin gem ne ya rikice, ka sake saita shi ka huta. Ka kuma canja ramin USB, ka soka kai tsaye a jikin kwamfuta, don na sha ganin an zargi bolum alhali waya ce ta karye daga ciki wurin da take yawan lanƙwasa.

Wani abu da ya kamata masu karatu su sani, ba kowane sitiyari ke da bolum a wuyansa ba. Sitiyarin Logitech G25 da G27 suna ƙirga juyi ne da na'urar haske, G29 da ya fito a 2015 kuma maganaɗisu yake amfani dashi, shi yasa suke iya juyin digiri 900, bolum na gama gari bai wuce wajen digiri 300 ba sai ya tokare. Su waɗannan a fedar ƙafa bolum ɗinsu yake. Naka mai 270 kuwa kusan tabbas bolum ne a wuya.

Toh in ka tabbatar, zare USB da cajar wuta in yana da ita, kifa shi akan tsumma ka kwance, duba ƙarƙashin robobin ƙafa da sitika don nan suke ɓoye sukuru. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, hoton wayoyin ukun nan da launinsu musamman. Fara duba abu mai sauƙi, notin da ya riƙe bolum ɗin ya kwance? Robar da ta haɗa sandarsa da sitiyari ta tsage? Wannan kaɗai yana sa mota jan gefe, kuma ɗaure noti ne maganinsa.

Sai mita, wato na'urar auna wuta ta masu gyara. In bakada ita ka ara, ko ka ɗauki sitiyarin ka kai wa mai gyaran rediyo ko talabijin, minti biyar ne. Cire soket ɗin bolum daga allo, sa mita a om, wato ma'aunin yadda layin ke tare wuta, taɓa ƙafafun gefe biyu. Idan an rubuta B10K ko 103 a jikinsa ya kamata kaga wajen om 10,000, ko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza ba komai, irin waɗannan har kashi 20 cikin 100 ana musu uzuri. Sannan maida tsinke ɗaya ƙafar tsakiya ka juya a hankali, a hankali sosai, lambar ta riƙa hawa ko sauka a jere. Inda ta ɓace ko ta yi tsalle, nan ciwon yake. Ni nafi son tsohuwar mita mai allura a wannan aikin domin allura bata ɓoye rawa.

Wanki shine matakin farko kuma sau da yawa a nan ake gamawa. Nemi feshin wanke kayan lantarki wanda ke bushewa bai bar maiƙo ba, ko sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama. Banda fetur, banda kalanzir, banda man keke. Ɗiga ta ɗan ramin dake kusa da ƙafafun, ka juya sandar daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau talatin, barshi ya bushe sosai ka sake aunawa. In hannunka baya rawa zaka iya miƙe ƴan kunnuwan ƙarfen dake riƙe da murfinsa ka buɗe, ka goge layin da audugar kunne, ka ɗan ɗaga harshen kaɗan don ya ƙara dannawa. Kaɗan nace, in ka matsa masa zai cinye sauran kabon ɗin cikin sati biyu. In ka buɗe kaga layin ya goge har kana hango farantin ƙasa, wanki bazai yi ba, sai canji.

Wurin sayen sabo ne mutane suka fi faɗawa rami. Cire tsohon ka tafi dashi a aljihu wurin masu kayan gyaran lantarki na wajen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kada ka tsaya kwatance da baki. Mafi yawan bolum ɗin da zasu fara miƙo maka na sauti ne mai harafin A, shi ba daidai yake hawa ba, an yi shi ne don kunnen mutum, in ka sa shi a sitiyari tsakiyarka zata koma can gefe kuma ɓangare ɗaya yafi ɗaya kaifi. Mai B kake so, lambarsa daidai da tsohon, sandar ma ka duba, akwai mai shafaffen gefe ɗaya akwai mai zara-zara, ga tsawo da kauri, yawanci milimita 6. Ka saya biyu tunda ba tsada.

Wajen liƙa da dalma kada ƙarfen liƙin ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a kan ƙafa, zafi na sassauta ta daga ciki. Sannan ga abun da nake roƙonka kada ka tsallake, kafin ka zura sandar cikin sitiyari juya ta da hannu har mita ta nuna rabi tsakanin ƙafar tsakiya da kowace ta gefe, wato wajen om 5,000 nan da can in 10K ne, ka tsaida sitiyari a tsakiyarsa cak sannan ka haɗa ka ɗaure. In ka manta wannan motar zata ci gaba da jan gefe kace sabon ma jabu ne, ko kuma ka murɗa da ƙarfi ka karya shi don ya tokare kafin sitiyari ya kai ƙarshe. In ka gwada kaga dama ta zama hagu, musanya wayoyin gefe biyun kawai, ta tsakiya tana nan inda take.

Kada ka rufe murfi sai ka koma joy.cpl ka gani da idonka alamar na zaune a tsakiya, ta kai ƙarshen dama ta kai ƙarshen hagu. Tunda ka riga ka fito da kayan aiki ka buɗe fedar ma ka wanke bolum ɗinta, ita ce a ƙasa tafi shan ƙura, in totur baya kai ƙarshe ko birki na kamawa shi kaɗai ciwon ɗaya ne. Ita dai in canji ya kama ka nemi irin nata sak, don wasu fedoji layin kabon ɗinsu gajere ne kuma bolum ɗin kasuwa bazai baka cikakken totur ba. Daga nan zuwa ƙarshen Fabrairu ka riƙa lulluɓe su da tsohon zani in ka gama wasa. Ka rubuto min abun da mita ta nuna maka, lambar gefe da gefe da kuma inda tayi tsalle.