Takayama: birni ne ko ƙauye?

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce a taswira ka ga Takayama ta kusa kai Tokyo faɗi, amma a hotuna sai ka ga kamar ƙauye, kana tambaya wanne ne gaskiya, kuma ko ta isa a taso mata daga Nagoya. To, duka biyun gaskiya ne. Shekara uku na yi ina karatu a Gifu, lardin Japan da Takayama take ciki, sau huɗu na je garin.

A 2005 aka haɗe ta da garuruwa da ƙauyuka tara na kewaye, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,177. Babu birni a Japan da ya kai ta fili. Sai dai fiye da kashi 90 cikin ɗari duwatsu ne da dazuzzuka, mutanenta kuwa ba su kai dubu 90 ba. Ainihin garin ɗan kwari ne a bakin kogin Miyagawa, da ƙafa za ka zagaye shi a yini guda.

Itacen nan shi ne tarihinta kaf. Yankin Hida, inda garin yake, ba shi da filin noman shinkafa na kirki, don haka tun ƙarni na 8 ake karɓar kafintocinsa a maimakon haraji, su je Nara, babban birnin ƙasar a lokacin, su gina fada da wuraren bauta. Wani jagoran yaƙi, Kanamori Nagachika, ya zama mai mulkin yankin a 1586, ya gina fada a kan tudu, ya tsara unguwanni. A 1692 gwamnatin shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin Japan a lokacin, ta sa ido kan katakon, ta tura gidan Kanamori wani yanki, ta riƙe Hida da hannunta. Bayan shekara uku aka rushe fadar. Ofishin da wakilan shogun suka zauna, Takayama Jinya, yana nan, an ma ci gaba da aiki a cikinsa har 1969. Shiga ka ga rumbun shinkafar haraji. Ni dai ya fi burge ni a kan shagunan tsaraba na unguwar Sanmachi, inda cunkoson baƙi kan hana mutum kallon gidajen katakon da ya zo dominsu. Ka bi ta can da sassafe, daga nan ka gangara kasuwar safe ta bakin kogi.

Jirgin ƙasa bai iso garin ba sai 1934. A ganina wannan keɓewar ce ta bar mata tsofaffin gidajenta.

Daga Nagoya wajen awa biyu da rabi ne a jirgin ƙasa mai suna Hida, ka nemi kujerar taga. In bikinsu kake so, 14 da 15 ga Afrilu ne, ko 9 da 10 ga Oktoba, amma ka kama masauki tun da wuri. Na je a Janairu da takalmi mai santsi, sau biyu ina shan ƙasa a kan ƙanƙara kafin in kai gada. Batun abinci kuma, riƙa tambaya ko an sa mirin ko sake, wato giyar shinkafa, a miya, don suna yawan zubawa.