Tambaya da Amsa: Da Gaske Mutanen Nok Sun Narka Ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da rodi ne a Agege. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa mutanen Nok sun narka ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Maƙwabtana na kasuwa suka yi masa dariya, wai duk ƙarfe Turawa ne suka kawo. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ne ke da gaskiya, kuma don Allah ka faɗa masa haka a gaban waɗanda suka yi dariyar.

Nok ƙauye ne a kudancin jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a can. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan daga Jema'a, wanda har an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Ya lura salon kawunan biyu ɗaya ne. Ga yadda irin waɗannan kawunan suke: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, kitso mai tsari, ciki kuma fanko, an gina shi kamar tukunya.

Shaidar ƙarfen kuwa a Taruga take, kusa da Abuja, inda aka tono tanderun laka da suka haura shekara 2,200, tare da kayan yumɓu irin na Nok. Aikin ba wasa ba ne. A jera tama da gawayi a cikin tanderu, a yi ta zuga ta bututun laka har dattin dutsen ya narke ya tsiyaye, a ciro curin ƙarfe, maƙeri ya yi ta duka sai ya tsarkaka. Babu ma'aunin zafi, launin wuta kawai suke karantawa. Mu ma Hausawa mun gaji sana'ar: an narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ɓarayi suka haƙe wurare da dama suka sayar da kayan a ƙetare. Abin da aka tono a ɓoye, labarinsa ya salwanta.

Tunda a Legas kuke, ka ɗauki yaron ku je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Yawancinmu motar marigayi Murtala ke kai mu can. Wannan karon ku nemi ɓangaren Nok, kuma ka gayyaci maƙwabtan naka.